Famfon da Ba Shi da Wuya

Zuwa ga Yaya Mai Sito,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan ƙalau muke, in ban da sanyin ƙashin Goggo da ya tsananta bana, yatsunta sun kumbura har zobenta sai yanke shi aka yi. Na kira wayarka har na gaji, ƙarshe ka turo mini saƙo wai in rubuto a takarda in ba direban kamfaninku, domin maganar waya iska ce. To ga takardar, Allah ya sa ita za ka kula ta.

Na san zumuncinmu sai an jero kakanni ake gano inda ya haɗu, amma Goggo dai ƙanwar kakata ce, ƙanwar kakarka ce, kuma a kicin ɗinta ka yi kumatu lokacin da kake makaranta. Ni kuwa shagon ɗinkina a ƙofar gidanta yake, saboda haka duk abin da ya same ta a kaina yake sauka.

Kan famfon kicin ya sake mutuwa. Abin murɗawar ya kwance, sai juyawa yake yi ba ya kama komai, mai gyara ya zo ya toshe bututun. Yanzu daga famfon tsakar gida take ɗebo ruwa a bokiti. Na hana, na yi faɗa, na ce ta riƙa kirana, amma ka san halinta. Ina zama kan keke sai in ji ƙarar bokiti. Makon jiya santsi ya kwashe ta a bakin ƙofar kicin. Allah ya taƙaita, ƙugu ne kawai ya bugu, sai dai labari ya kai kunnen ɗanta, Kawu Manaja. Ya zo ya tsaya a kicin hannu cikin aljihu, ya ce ƙarshen wata zai dawo, in ya tarar uwarsa tana jan bokiti, da ita zai tafi. Har ya gyara mata ɗaki a saman benensa, da talabijin da mai dafa mata abinci. Goggo ta ci gaba da aikinta. Sai da motarsa ta tashi ta ce mini, "Ranar da aka raba ni da tukunyata, ku shimfiɗa tabarma ku fara karɓar gaisuwa."

Na ce bari in shiga kasuwa in sayo wani. Ta ce a'a, na kasuwa sun ishe ta, a tambaye ka, ɗanta mai sito, kai ka san ƙarfe. Sharaɗinta ɗaya ne, ga shi yadda ya fito daga bakinta: a samo mata wanda ba shi da wuya. Don Allah ka zaɓo mai ƙarko wanda kuɗinsa ba zai yi ciwo ba, ka ba direba ya taho da shi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Mai Keke

*

Zuwa ga ƙanwata Mai Keke,

Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu kamar yadda nake yi wa kowace takardar kaya. Ina lafiya, sai 'yar murar da ƙurar siminti ba ta barina da ita. Ki yi wa Goggo sannu da jiki, ki ce mata raina ya ɓaci da labarin faɗuwar nan, kuma muddin ina numfashi ba za a ɗauke ta daga gidanta a kan famfo ba.

Goggo ta yi daidai da ta hana ki zuwa kasuwa. Ku mata kuna sayen kan famfo da ido, alhali shi kamar kankana ne, sai an ɗaga an ji nauyi an ƙwanƙwasa. Iri uku ne suka cika shaguna yanzu. Akwai mai tambarin tauraruwa, shi ne mai ƙyallin da kuke so. Wannan sanholo ne aka yi wa wanka, ki kankare cikinsa da makulli ki ga fari fat, araha kuwa ba ta ado. Akwai mai zakara, jikinsa ba laifi, amma robar cikinsa ba ta jure ruwan zafi, kuma masu jabu sun shiga sunansa, har na taɓa ganin kwalin da zakaran yake kallon hagu maimakon dama. Sai mai kunkuru. Shi tagulla ce zalla ciki da waje, ya fi su tsada, amma in kika raba kuɗinsa da shekarun da zai yi, kusan kyauta aka ba ki. Duk da haka ban yanke hukunci ba, domin akwai wani sabon iri da wani dila ya yi mini alkawarin kawo samfurinsa in gwada.

Kafin nan ina buƙatar amsa. Daga bango famfon yake fitowa ko daga jikin kwamin wanke-wanke? Bututun rabin inci ne ko ya fi? Ruwan unguwar yana da gishiri-gishiri, ko yana barin farin ƙanzo a gindin buta? Kin rubuto shafi guda ba ki faɗi ko ɗaya ba, kuma ke tela ce, ba ki yanka yadi sai kin auna.

Sharaɗin Goggo ya ɗan ba ni mamaki, don a yanzu kusan duk na kicin masu wuya ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, zan bi yadda ta ce.

Kada ki yi gaggawa, sauri ya haifi nawa.
Yayanki, Mai Sito

*

Yaya,

Muna lafiya, Goggo ta amsa gaisuwa, ƙugun ya yi sauƙi.

Na roƙe ka kan famfo ka aiko mini da lacca. Daga jikin kwami yake fitowa. Rabin inci ne, in ji mai gyara. Ruwan kuwa ruwa ne, Yaya, jiƙa yake yi. In kusan duk masu wuya ne, ai ka ce kusan, sai ka nemo cikin waɗanda suka saura. Zakara ya kalli hagu ko dama ko sama, ni ba aurensa zan yi ba.

Ka san yadda nake yanzu? Kafin in buɗe shago sai na cika wa Goggo kowane mazubi da ke kicin, har da kwanonin da ba a taɓa zuba wa ruwa ba. Duk da haka sai ta ce ruwan ya kwana, ta lallaɓa da bokiti. Ina ɗinki kunnena yana tsakar gida. Shekaranjiya na ɗora wa rigar wata mata hannu a baibai, ta zo ta wanke ni tas a gaban mutane, kuma da gaskiyarta. Kai kana can kana jiran dila ya kawo samfuri.

Na sake kiranka ba ka ɗauka ba. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, kowane zuwa sai Goggo ta leƙo ta ga ko da kwali a hannunsa. Wata ya raba, Kawu Manaja kuwa ka san ba ya mance magana. Jiya ma ya aiko a auna tsawon katifarta.

Ni dai na gaji da jiran gawon shanu.
Mai Keke

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Murar ta sake ni. Na ga fushinki, na kuma yi haƙuri da shi, don na san yarinta ce. Shirun da kika ji aiki nake yi, ba barci ba.

Samfurin dilan nan ya zo, na jefa shi a ruwan gishiri ya kwana biyu, ya fito da tsatsa, na mayar masa da abinsa. Mai kunkuru dai shi ne. Sai dai sharaɗin Goggo ya wahalar da ni ba kaɗan ba. Shago bayan shago na bi, ko'ina sai su ɗauko mini dogaye masu lanƙwasa, in ce ba su nake nema ba, su riƙa kallona kamar wanda ya zo sayen fitilar ƙwai. Ƙarshe a wani tsohon shago a can ƙuryar kasuwa na same shi, a ƙasan kanta, kwalin duk ƙura. Tsohon ƙira ne, irin wanda ba a yi yanzu. Ɗaga shi kawai ki ji, kamar dutsen guga.

Za ki ga abin murɗawar da ƙarfi. Haka ake so, alamar haƙoransa sun kama da kyau ne, ba zai ɗiga ko ɗigo ɗaya ba. Wannan sai ya yi shekara hamsin yana aiki, jikokinki ma su same shi. Ki sa mai gyara ya naɗa farin zare a bakin bututun kafin ya ɗaura, kada ya matse da filaya ya ƙuje masa jiki.

Ki ce wa Goggo ɗanta ya cika alkawari. Ki kuma koyi haƙuri, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Yayanki, Mai Sito

*

Yaya Mai Sito,

Lafiya muke, in dai ana kiran wannan lafiya.

Wuya ta ce! Wuyar sha'ani, wahala, abin da ke ba hannu ciwo! Ba wuyan da ke ɗauke da kai ba! Matar da na gaya maka an yanke mata zobe saboda kumburin yatsu, ita ce za ta damu da ko famfo yana da dogon wuya ko gajere? Na zauna da takardunka ina juya su, sai da na kai kan "dogaye masu lanƙwasa" na dafe kai. Wato ka shiga shaguna ana miƙo maka abin da muke nema, kana turewa da hannunka.

Bari in ba ka labarin dutsen gugarka. Mai gyara ya buɗe kwali ya ce, "Wannan aka ce in ɗaura?" Na ce shi ne, daga hannun masani ya fito. Ya naɗa farin zarenka, bai taɓa shi da filaya ba, ya ɗaura. Abu ya zauna a bakin kwami dugul kamar kwaɗo, bakinsa ya kusa taɓa ƙasa. Buta ba ta shiga ƙarƙashinsa sai an kwantar da ita, tukunya kuwa ko a mafarki.

Goggo ta sa sabon ɗankwali don bikin famfo, ta zo ta kama abin murɗawar. Ta murɗa da hannu ɗaya, shiru. Ta haɗa hannu biyu, shiru. Ta naɗa masa tsumma ta ciji leɓe, ko motsi bai yi ba. Ni da nake taka keke wuni guda sai da na yi nishi kafin ruwa ya zo. Ka yi gaskiya, ba ya ɗiga. Yaya za a yi ya ɗiga, tunda ba ya buɗuwa?

Abin da ya ƙona mini rai, ba ta ce komai a kanka ba. Ta saki famfon, ta shafa yatsunta, ta ce, "Ƙarfe ne mai kyau, hannun ne ya tsufa." Ta shiga ɗaki. Da na leƙa na tarar ta sauko da akwatinta daga kan kabad tana goge masa ƙura. Na ce Goggo mene ne haka, ta ce ba komai, gyara take yi. Na fito na zauna a shago na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa maka.

Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kuma da ka ɗaga waya ko sau ɗaya, da kunnenka ya raba maka, domin a baki wuyan jiki da wuyar aiki ba ɗaya suke fita ba, ko yaron goye ya san haka. Takardarka da ba ta ƙarya ce ta haɗe su.

Kawu Manaja ya ce ranar hutun ƙarshen makon nan yana tafe.

Mai Keke

*

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ba zan ce ina lafiya ba, tun da direba ya miƙo mini takardarki abinci bai yi mini daɗi ba.

Amma a yi adalci. Wuya da wuya, baƙaƙen nan huɗu ne, kuma hannunki ne ya rubuta su. Da kin ce marar wahala, ko mai sauƙin buɗewa, da duk wannan bai faru ba. Kuma na rubuto miki ƙarara cewa sharaɗin ya ba ni mamaki, me ya sa ba ki tambayi dalilin mamakin ba? Ni mutumin sito ne, abin da aka rubuta shi nake fitarwa. An ce kusa, ba na ba da ƙusa. To, na ji, maganar zoben tana cikin takardar, na karanta ta a matsayin labarin lafiya, ban haɗa ta da famfo ba. Wannan kam nawa ne. Maganar akwatin nan kuwa ita ta fi damuna.

Yanzu na gane abin da ake nema: mai dogon wuya, mai hannu ɗaya da ake turawa sama ko gefe, ba murɗawa. Masu kunkuru suna yin irinsa amma ya yanke a kasuwa, an ce yana hanya. Na mai zakara yana nan, sai dai ina so in buɗe cikinsa in ga irin robar da suka sa, in kuma tabbatar ba jabu ba ne. Ki roƙi Kawu Manaja ya ƙara mana ko mako biyu, ki ce ni na ce.

Abu ɗaya nake roƙonki. Na san shagon da ke kan kwanar layinku yana da mai tauraruwa mai irin wannan hannun. Kada fushi ya kai ki can. Wallahi ba zai wuce shekara biyu ba zai fara yoyo, fentin ya ɓare, a dawo gidan jiya. An yi kuskure ɗaya, kada a gyara shi da na biyu.

Yayanki, Mai Sito

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan abinci ya koma yi maka daɗi. Mu lafiya lau.

Na roƙi Kawu Manaja mako biyun, na ce kai ka ce. Ya ce a gaishe ka, ya kuma ce in haɗa mata magungunanta wuri ɗaya. Wannan ita ce amsarsa.

Sai na ɗauki takardunka na shiga wurin Goggo na karanta mata daga sama har ƙasa, da baki, yadda kowace wuya za ta fito da muryarta. Da ta gane abin da ya faru ta yi dariya har da riƙe ƙugun da ya bugu. Ta ce, "Allah sarki ɗana, ashe guntu ya yi ta nema mini." Da na zo kan mai tauraruwa, inda ka rantse ba zai wuce shekara biyu ba, sai dariyar ta tsaya. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Shi na shekara hamsin ɗin wa yake saya wa? Ni in na samu biyun nan a tsaye a kicin ɗina, ai na ci riba. Tashi ki sayo."

Na tashi na sayo, Yaya. Ban ɗaga shi na ji nauyi ba, ban ƙwanƙwasa ba, ban kankare shi da makulli ba. Abu ɗaya na gwada a shagon, na dunƙule hannuna kamar nata na tura hannun famfon da bayan yatsu, ya tafi sumul. Ba shi da nauyi ko kaɗan, yana ta ƙyalli kamar haƙorin makka, na san da ka gan shi da ka kau da kai. Mai gyara ya kwance kunkurunka da ƙyar, yana haɗa gumi yana yaba ƙarfen.

Kawu Manaja ya iso da hantsi, har da bargo a kujerar baya. Ya tarar da ita a kicin. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta ɗauki babbar tukunyar ta tura ƙarƙashin famfon, ta bugi hannun da bayan hannunta, ruwa ya zubo. Ta bar shi ya kai inda take so, ta sake bugunsa ya ɗauke. Ta ce masa, "Matsa mini, kana tare mini haske." Ya matsa. Ya zo ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya girgiza wuyan, ya duba ƙarƙashin kwami, ya leƙa tsakar gida ya ga na kife bokitin na ɗora masa tukunyar furanni. Ya daɗe yana kallon uwarsa tana yanka albasa a hankali da yatsun nan nata. Ni dai ina bakin ƙofa ina kallo.

Ƙarshe ya ce zai aiko da shimfiɗar roba a sa a ƙasan kicin saboda santsi, kuma ɗakin bene yana nan, bai fasa ba, ya ɗaga ne. Ta ce ta ji, ya zauna ya ci abinci. Ya ci, ya ƙara, ya tafi da bargonsa.

Akwatin ya koma kan kabad. Kunkurunka yana shagona, ina danne yadi da shi in zan yi yanka, kuma gaskiya ban taɓa samun abin danni mai kyau irinsa ba. Kada ka wahalar da kanka da cikin mai zakara. Har yanzu ina jin haushinka, amma ya ragu.

Ƙanwarka, Mai Keke

*

Ƙanwata,

Lafiya lau nake, na kuma gode Allah da labarin da kika aiko. Ki gaishe da Goggo da kyau.

Direba zai ba ki kwali. Mai tauraruwa ne a ciki, irin wanda kika saya, guda uku. Na saye su ina waige-waige kada abokan aikina su gan ni. Ina nan kan bakana, sanholo ne, tarkace ne, shekara biyu zai fara yoyo.

Maganar Goggo kuwa na karanta ta a tsaye a bakin sito, sai da na nemi wuri na zauna. Ki gaya mata lissafinta bai yi ba, ni ne mai sito, ban amince da shi ba. Ta cinye wanda ke kai yanzu, sannan ta cinye waɗannan ukun ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya mutu kada a kira mai gyara, ni zan zo da sifana in ɗaura mata na gaba da hannuna, ta dafa mini abinci a tukunyar nan. Sai kwalin ya ƙare za mu zauna da ita mu yi maganar riba.

Yayanki, Mai Sito